Labarin Da Na Saya Da Dala, Yau Ga Shi Kyauta A Waya



Kwanakin baya ƙanwata ta yi mini sammako, ko koko ban sha ba. Ta zauna a bakin tabarma tana ta jan gaisuwa, ta tambayi iyali, ta tambayi ƙafata da ke ciwo, ta sake tambayar iyali, har na gane da magana a bakinta. Na ce, "To, faɗi abin da ke tafe da ke." Sai ta ce, "Yaya, ɗanka ne. Wai shi ma matuƙin jirgin sama zai zama kamarka, kuma ya ce in sayar da gidan nan na Madina da mahaifinsa ya bar mana a biya masa makaranta. Ni ban san komai game da jirgi ba. Kai ka sani, kai za ka yanke."

Gidan nan ɗaki shida ne. Suna zaune a biyu, huɗu na haya, kuma da kuɗin hayar nan take ciyar da marayu uku tana biya musu makaranta. In gidan ya tafi, ba su da wani abin da za su jingina da shi sai Allah.

Da la'asar yaron ya zo. Shekararsa 23, ya gama jami'a, ya gama bautar ƙasa, yaro ne mai hankali ba ɗan shiririta ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya zaro waya ya ce, "Kawu, don Allah duba nan." Ya nuna mini hasashen kamfanin Boeing na 2023, wanda ya ce duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa 649,000 cikin shekaru 20. Ya nuna mini albashin kyaftin a manyan kamfanonin Amurka, kamfani-kamfani, jirgi-jirgi. Ya nuna mini tambayoyin da ake yi wa masu neman aiki a intabiyu, har da amsoshinsu, da tallar wata makaranta mai hoton samari sanye da fararen riguna suna murmushi a gindin jirgi. Cikin minti 15 ya baje mini a tafin hannu abin da ni na yi shekaru ina biyan kuɗi kafin in sani. Na yi shiru ina kallonsa. Shi yana tsammanin mamakin alƙaluman nake yi, alhali ni tunanin wani ambulan mai ruwan ƙasa nake, wanda nakan jira kowane wata a akwatin gidan waya shekaru talatin da suka wuce. Labarin ambulan ɗin nan nake so in ba ku, don na san ba a gidanmu kaɗai ake irin wannan magana ba a zango.

Ni a Nima na tashi, kuma duk wanda ya tashi a Nima ya san ƙarar jirgi tun yana goye, don filin jirgin Ankara yana nan kusa da mu. Lokacin aikin hajji mukan bi manya rakiyar alhazai, mu maƙale a jikin shinge muna kallo. Da Ghana Airways ta kawo babban jirginta DC-10 a 1983, na ƙudura a raina sai na zauna a gaban irinsa. Amma wa zan tambaya? Zangonmu akwai direbobin lori, akwai makanikai, akwai sojoji da 'yan sanda, amma ban san ko mutum ɗaya da ya taɓa gaisawa da matuƙi hannu da hannu ba. Malaminmu na sakandare ya ce in shiga sojan sama, na nema ban samu ba. Wani ya ce akwai makarantar koyon tuƙi a Zariya tun 1964, to a farkon 1983 ɗin nan ne aka koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya daga Nijeriya, wa zai doshi can a lokacin? Haka na yi shekara shida ina yawo da buri a cikin duhu. Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

A 1989 wani ɗan'uwanmu da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ya taimake ni na haye Amurka. Na yi wankin mota, na yi gadi, na tara abin da na tara, na tafi wata ƙaramar makarantar tuƙi a kudancin ƙasar. A 1992 na samu lasin ɗin da ke ba mutum damar tuƙi a biya shi, wanda ƙa'idarsa sai ka cika awa 250 a sama. Na ɗauka na iso, ashe yanzu aka fara. A watan Janairun 1991 kamfanin Eastern ya rufe, a watan Disamba na shekarar Pan Am ya bi shi. Dubban matuƙa masu furfura, waɗanda suka yi shekaru suna ƙetare teku da manyan jirage, suka fito kasuwa suna neman aiki tare da ni mai awa 250. Sai na tsaya a makarantar ina koyar da sababbin ɗalibai a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don in tara awoyi.

A nan sai na ɗan yi muku bayanin yadda aikin yake a can, don ku gane abin da ya sa labari ya zama haja. A kamfanonin jiragen Amurka, ranar da aka ɗauke ka aiki ita ce komai. Ranar da ka shiga za a ba ka lamba a ƙarshen layi, kuma lambar nan ce za ta yanke irin jirgin da za ka tuƙa, da garin da za ka zauna, da ko za ka yi babbar salla a gida ko a otal, da shekarar da za ka koma kujerar hagu ka zama kyaftin. In kasuwa ta lalace, daga ƙarshen layi ake fara sallama. In ka bar kamfani ka koma wani, ko shekara 20 ka yi kana kyaftin, ƙarshen layi za ka koma. Saboda haka wanda ya riga ka shiga da 'yan watanni yana iya riga ka zama kyaftin da shekaru. To kun ga sanin wane kamfani ne zai buɗe ƙofa, yaushe, awa nawa yake nema, wa za ka aika wa takarda, ba ƙaramin abu ba ne. Bugu da ƙari, tun da gwamnati ta sakar wa kamfanonin mara a 1978, ta daina tsara musu hanya da farashi, sai suka yi ta tsirowa suna bushewa kamar ciyawar damina. Mutum ɗaya ba zai iya bin diddiginsu ba.

Wannan giɓi ne wasu matuƙa masu hangen nesa suka gani. A 1974 Louis Smith, wanda ya yi kyaftin a Northwest, ya kafa FAPA. A 1989 Kit Darby, matuƙi a United, ya buɗe nasa kamfanin mai suna AIR, Inc. a birnin Atlanta. Akwai kuma wasu ƙanana. Ba su da jirgi ko ɗaya, ba sa ɗaukar kowa aiki, labari kawai suke sayarwa. Ka biya kuɗin zama mamba na shekara, kowane wata a aiko maka da mujalla da takardar labaran aiki: kamfani kaza ya ɗauki mutum kaza a watan jiya, waɗanda ya ɗauka awoyinsu kaza, kamfani kaza ya daina karɓar fom. Akwai kundin adireshi, akwai kundin albashi da ake sabuntawa. Za su gyara maka takardar tarihin aikinka, su sayar maka da bayanin yadda intabiyun kowane kamfani yake. Suna da lambar tarho da za ka buga ka yi shawara da wanda ya san aikin. Sa'an nan sau da yawa a shekara su kama babban zaure a otal, su gayyato wakilan kamfanonin jirage, masu neman aiki su biya kuɗin shiga.

Da na fahimci sana'arsu sai na tuna da kakanmu na wajen uba, Allah ya jiƙansa, wanda maigida ne a zangon Kumasi. Fataken shanu daga arewa a gidansa suke sauka. Shi ba shi da saniya ko ɗaya, amma ya san farashin jiya da na shekaranjiya, ya san mahaucin da ke biyan bashi da wanda sai an kai ruwa rana, ya san ranar da kasuwa ta cika da ranar da ta yi ƙaranci. Baƙon da ya zo da shanu hamsin bai san kowa a garin ba, da idon maigida yake gani. In mai saye ya karɓi shanu bashi ya gudu, maigida ke tsayawa. Kakanmu yakan ce shi abincinsa yana ga dawowar bafatake baɗi, don haka ƙarya ɗaya tana iya rufe masa gida. To waɗannan kamfanoni su ne masu gidan matuƙa, ni kuwa bafatake ne da ya zo baƙon gari da 'yan awoyinsa.

Na yi rajista da ɗaya daga cikinsu a 1993. Kuɗin ya ci mini abincin kwanaki masu yawa, na koma burodi da shayi. Kafin nan na riga na aika wasiƙu kusan 30 zuwa manyan kamfanoni, kowace da kan sarkinta, babu wadda aka amsa. Wata rana na tara tsaba na shiga akwatin tarho na buga layin shawara. Wani dattijo ne ya ɗauka, daga muryarsa ka san ya sha iska. Ya tambaye ni awoyina, na ce 600. Nawa a jirgi mai inji biyu? Na ce 40. Takardun zama fa? Na ce bizar ɗalibi ce. Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce, "Saurayi, ka daina ɓata kuɗinka a kan sarki. Babu babban kamfanin da zai buɗe wasiƙarka a yanzu. Ka gyara takardunka, ka nemi awoyin inji biyu ko da dare ne ko da sanyi. In ka kai awa 1,500 ka sake bugo mini." Ya kuma ja kunnena a kan wasu ƙananan kamfanoni na lokacin da ke sa sabon ma'aikaci ya biya dubban daloli na horonsa da kansa. Na ajiye wayar raina a ɓace, don ba abin da na so ji ba ke nan. Amma duk tsawon zamana a ƙasar nan ban taɓa kashe kuɗin da suka amfane ni kamar waɗannan ba.

Allah da ikonsa, a 1995 na ci ƙuri'ar bizar nan da Amurka ta fara a lokacin, na samu katin zama. Na kama aikin jigilar takardun cek na bankuna da dare. A wancan zamani dole takardar cek ta je bankin da ya fitar da ita, don haka ƙananan jirage masu inji biyu ke yawo da buhunansu daga gari zuwa gari tsakar dare, matuƙi shi kaɗai, ko da ruwa ko da ƙanƙara. Wannan aikin ma ya kama hanyar mutuwa daga 2004, da doka ta yarda a aika hoton cek ta kwamfuta. A 1998 na je taron baje kolin aiki a wani otal kusa da filin jirgi. Ɗaruruwan mutane, kowa da kwat mai duhu da takalmi yana ƙyalli, kai ka ce uwa ɗaya ta haife mu. Na yi fiye da awa ɗaya a layi don in samu minti biyu a gaban wata mata mai wakiltar wani ƙaramin kamfani. Ta karɓi takardata, ta dube ni, ta yi ɗan rubutu a kusurwa. Bayan sati biyu aka kira ni. Haka na zama mataimakin matuƙi a jirgi mai farfela da ke ɗaukar fasinja talatin.

A daidai wannan lokaci ne intanet ta fara shigowa cikin sana'armu. Na fara ganinta a laburaren gari a 1997, wani abokin aiki ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya nuna mini wani dandali inda matuƙa ke hira da juna. Akwai irinsu a Amurka, akwai PPRuNe da aka kafa a Ingila. Da farko na ɗauka shirme ne, don kowa da sunan bogi yake rubutu. Amma kafin 2000 abin ya wuce wasa. Mutum zai fito daga intabiyu da azahar, kafin isha ya zayyana komai: tambayoyin da aka yi masa, filin da aka sa shi sauka a na'urar kwaikwayon tuƙi, har da abin da likita ya duba. Kamfani zai buɗe karɓar fom da safe, kafin rana ta faɗi labari ya zaga ƙasar. Ni kuwa ambulan ɗina sai an tattara labari, an buga, an ɗaure, an sa a gidan waya, ya iso hannuna bayan makonni. A sana'ar da sati ɗaya ke iya raba ka da ɗan'uwanka a layi har ƙarshen aikinku, labarin da ya kwana wata guda ya zama tuwon jiya. Daga baya wasu shafuka irin su Airline Pilot Central suka jera albashin kowane kamfani a fili, kyauta, wato abin da a da sai ka sayi kundi. Su ma kamfanonin jiragen suka mayar da fom ɗinsu kan intanet, kundin adireshi ya rasa amfani. A 2000 takardar sabunta rajista ta zo, na dube ta, na ajiye, ban sake biya ba. Na tabbata ba ni kaɗai na yi haka ba.

FAPA ta farko ta rufe tun 1996, kuma mai ita da kansa ya koma intanet da wani shafi mai suna FltOps.com. AIR, Inc. ta jure har 2009, ta rufe bayan shekara 20. Sai dai gaskiya ita ce ba intanet kaɗai ta kayar da ita ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 an sallami dubban matuƙa. A watan Disamban 2007 aka ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, wato aka yi shekara biyar tsofaffi ba sa tashi daga kujera balle yara su zauna. A 2008 gangar mai ta kai dala 147, kuma cikin sati ɗaya kamfanoni uku, Aloha da ATA da Skybus, suka daina ɗaukar fasinja. Wa zai biya kuɗi don a ba shi labarin ɗaukar aiki alhali ba a ɗaukar kowa? Intanet ta daɗe tana sassaƙar gindin bishiyar, guguwar 2008 ta zo ta same ta ba ƙarfi.

Ba zan yi butulci ba, intanet ta yi mana alheri babba. Ta fasa rufa-rufar da makarantu da ƙananan kamfanoni ke yi. A da talla ce ke magana, hoton kyaftin a gaban ƙaton jirgi. Da matuƙa suka samu bakin magana, sai ga labarin masu kwana su takwas a ɗaki ɗaya kusa da filin jirgi, da masu cin taliya kullum don albashi ba ya kaiwa. A watan Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka rasu. Da bincike ya nuna mataimakiyar matuƙin tana samun kimanin dala 16,000 a shekara, jama'ar Amurka suka riƙe baki. Mu ba mu yi mamaki ba, an daɗe ana rubuta shi a dandalinmu. Bayan wannan haɗari ne aka yi dokar da ta fara aiki a 2013, wadda ta ce a ƙa'ida sai mutum ya kai awa 1,500 kafin ya zauna ko a kujerar dama a jirgin fasinja. Yau yaron da ke Nima ko Sabon Zango ko Tamale yana iya sanin duk wannan bai biya ko sisi ba, ban da kuɗin data. Ni da na yi shekara shida ban samu mai ba ni amsar tambaya ɗaya ba, na san darajar haka.

Amma bari in gaya muku abin da labarin kyauta ya jawo mini. Ina cikin waɗanda aka sallama a ƙarshen 2001. A 2002 wani sabon kamfani mai 'yan jirage kaɗan ya kira ni intabiyu. Da a ce shekarun baya ne, da na buga wa dattijon nan waya. To na daina biya, sai na shiga dandali. Na kwana uku ina karatu. Wannan ya ce kamfanin ba zai ga ƙarshen shekara ba. Wancan ya ce yana da ɗan'uwa a ciki, an ce jiragen ma za a ƙwace. Wani ya ce duk wanda ya je ya zubar da mutuncin sana'a. Mutum goma, ashirin, bakinsu ɗaya, kowa da sunan bogi. Na ce in da ƙarya ce ai ba za su taru a kanta ba. Na buga waya na ce ba zan zo ba. Wani abokina da aka kira mu tare ya je. Kamfanin bai mutu ba, ya yi ta sayen jirage, abokin nan ya zama kyaftin cikin shekara huɗu a jirgin da ni ban taɓa zama a gabansa ba. Ni na koma ƙaramin kamfanina da aka sake kiranmu, a can na zauna har 2018, da ciwon sukari da hawan jini suka sa likita ya ƙi sa mini hannu, na tattara na dawo gida. Na yarda kowa da rabonsa, ban kuma ce da na je da lalle na dace ba. Abin da ke ci mini rai shi ne babu ƙofar da zan je in buga in ce kai ne ka gaya mini. In maigida ya yaudari bafatake, duk zango za a ji, kuma baɗi ɗakunansa za su kwana ba kowa. Mai sunan bogi kuwa ya rubuta ya kashe kwamfuta ya kwanta, ko shi ma'aikacin kamfanin da ke gasa da su ne, ko wanda ya faɗi intabiyunsu ne yake huce haushi, oho.

Kada kuma ku ɗauka masu gidan nan sun ƙare. Haja suka canza. Labari ya zama na kowa, sai suka koma sayar da abin da ba a iya kwafa: zama da mutum ido da ido a gwada masa intabiyu, gyaran takardu, tikitin shiga zauren da wakilan kamfanoni suke. An ma farfaɗo da sunan FAPA, kuma alƙaluman da ta fitar kyauta sun nuna manyan kamfanonin Amurka sun ɗauki matuƙa sama da 12,000 a 2022, haka ma a 2023, sa'an nan a 2024 abin bai kai rabin haka ba. Ku lura da wannan faɗuwa cikin shekara guda, don wanda ya shiga makaranta yana kallon alƙaluman 2023 wata kasuwa daban zai tarar ranar da ya fito. Sa'an nan ku tambayi kanku wa ke ciyar da shafin da ke ba ku labari kyauta. Da yawansu da talla suke rayuwa, kuma masu tallar su ne makarantun tuƙi da masu ba da bashin karatu. Lokacin da nake biya, abincin kamfanin yana ga dawowata baɗi, shi ya sa dattijon nan ya iya gaya mini magana mai ɗaci. Wanda abincinsa ke hannun mai makaranta, da wuya ya ce maka kada ka shiga makaranta.

Wannan duka na zayyana wa ɗan ƙanwata, muka kai har bayan isha. Ban ce masa ƙarya ya karanta ba, don ba ƙarya ba ce. Na ce ya ɗauko biro, duk abin da ya nuna mini mu yi masa tambaya huɗu: wa ya faɗa, yaushe, a kan wace ƙasa, me zai samu in ka yarda? Boeing jirage take sayarwa, tana kuma sayar da horo, hasashenta na duniya ne baki ɗaya cikin shekara 20, bai ce ga wanda zai ɗauki ɗan Madina mai awa 250 ba. Albashin Amurka sai mai izinin aiki a Amurka, bizar ɗalibi ba ta ba da shi. Lasin ɗin da ka samo a waje sai hukumar jiragen sama ta ƙasarmu ta tantance shi kafin ka tuƙa jirgin nan gida. Bayan kuɗin makaranta akwai na horo a kan takamaiman jirgin da za ka tuƙa, kuma sau da yawa a wannan yanki namu daga aljihunka zai fito. Ghana Airways da ta sa ni mafarki ta daina tashi a 2004, wanda ya gaje ta ya tsaya a 2010, kamfanonin cikin gida kuwa jiragensu 'yan kaɗan ne. Na ce, "Ɗana, abu biyu nake so ka yi kafin a sake ambaton gidan nan. Na farko ka je a yi maka gwajin lafiya irin na matuƙa, don akwai wanda aka biya masa makaranta sa'an nan aka gano ba ya bambance ja da kore. Na biyu ka je filin jirgi da ƙafarka, ka nemo mutum uku 'yan ƙasar nan da suka gama makarantar tuƙi cikin shekara biyar da suka wuce, masu suna da fuska, ka tambaye su nawa suka kashe, wata nawa suka zauna ba aiki. Zuwa da kai ya fi aike."

Ya ce, "Kawu, ai kai ma da ka tsaya lissafi da ba ka tafi ba." Na ce gaskiya ne, amma ni gumina na sa a caca, ban sa rufin kan uwata ba.

Ya je gwajin, lafiyarsa lau, alhamdu lillahi. Cikin mutum ukun ya samo biyu. Ɗaya yana tuƙi yanzu, bayan ya yi shekara uku yana jira. Ɗayan yana sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, yana biyan bashin da danginsa suka ci dominsa, lasin ɗinsa na cikin akwati. Yaron ya dawo bai ce mini komai ba sai bayan kwana biyu. Yanzu ya cika fom na sojan sama, yana kuma bibiyar kamfanonin da kan ɗauki nauyin horar da matasa, ya kama ɗan aiki yana tari. Gidan Madina yana nan, 'yan haya na ciki. Har yanzu in ya zo gaishe ni gaisuwar takan yi ɗan gajarta, na kuma san dalili, don ni ma haka na ji ranar da na ajiye wayar dattijon nan.

Ina roƙon iyayenmu na zango, in yaro ya zo muku da waya a hannu yana cewa ga abin da duniya ke nema, ko tuƙin jirgi ne, ko aikin jinya a Ingila, ko aikin jirgin ruwa, kada ku raina abin da ya karanta, ya fi mu gata. Amma kafin a taɓa gida ko fili, a nemo wanda ya yi aikin, wanda aka san gidansu, a zauna da shi. Mu kuma da muka yi irin waɗannan ayyuka muka dawo, kada mu rufe ƙofa. Ni dai ina nan Nima, ba na karɓar la'ada, shayi ya isa.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su abin yi na halal. Amin.